Komai Nisan Jifa

A tsakiyar ragar tarampolin akwai jajayen layuka biyu da suka gitta juna, kuma duk abin da ɗan wasa yake yi a sama, wannan alamar yake nema da ido. Ragar ba wata babba ba ce. Tsawonta ya ɗan haura mita 4, faɗinta mita 2 da 'yan kai, an ɗame ta da sifirin fiye da ɗari a jikin ƙarfen da ya tashi daga ƙasa kamar mita ɗaya. Daga kanta gwanaye kan cilla kansu har kusan mita 8, su yi alkafura biyu ko uku suna murɗa jiki, su dira, ragar ta sake watsa su sama. Tsalle goma a jere, kowanne da salonsa, babu tsayawa a tsakani, cikin kamar daƙiƙa 20 an gama. Saboda waɗannan 'yan daƙiƙoƙi wata 'yar Kanada mai suna Rosie MacLennan ta yi shekara 13 tana keta teku, daga Bejin a 2008 zuwa Landan, daga Landan zuwa Riyo, daga can zuwa Tokiyo a 2021. In aka tara lokacin da ta yi a sama a zagayen ƙarshe na wasannin Olamfik huɗun nan, bai cika minti biyu ba. Tafiya ce da ta cancanci a bi sawunta zango-zango, domin tana yi wa wani karin maganarmu gardama. Mukan ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ni kuwa abin da na karanta a hanyar wannan baiwar Allah shi ne zama wuri ɗaya ne ya kai ta duk inda ta kai: zaure ɗaya, malami ɗaya, abokiyar tafiya ɗaya, tun tana yarinya har ta ajiye wasa.

Mafarin hanyar wani ƙaramin gari ne, King City, a arewacin Toronto cikin lardin Ontariyo, inda aka haife ta ranar 28 ga Agusta 1988. Ita ce auta, kuma yayyenta ta bi zuwa wurin tsalle tana shekara 7. Zangon da ya zama nata na kullum yana garin Richmond Hill, tafiyar da ba ta kai ta Kano zuwa Wudil ba. Sai dai hanya ce ta ƙasar da hunturunta ba ya wasa. Abin da muke kira sanyi a Jos ko a Damagaram cikin watan Janairu, har a hura wuta a tsakar gida, a can ranar daɗi ce. Su dusar ƙanƙara suke sharewa daga bakin ƙofa kafin mota ta fita, rana kuma ta faɗi tun biyar ba ta yi ba. A ƙarshen wannan gajeriyar hanya akwai wani zaure mai dogon rufi da ake kira Skyriders, na wani mutum Dave Ross, wanda ya karanci kimiyyar fiziks, yake koyar da tsalle, yake kuma ƙera ragar tsallen da kansa. Wanda ya san labarin fataken goro da kan tashi daga Kano zuwa Gwanja zai gane irin wannan mutum. Madugu ba shi ne ya fi kowa ƙarfi a ayari ba. Abin da ya mallaka shi ne sanin hanya, sanin inda rijiya take, da sanin jakin da zai gaji kafin a kai zango. A tarampolin ma koci yakan tsaya a bakin raga riƙe da katifa, idonsa a sama, in ya ga ɗalibarsa ta kauce sai ya tura katifar ƙarƙashinta kafin ta dira. Tsakanin ganinsa da turawarsa ƙiftawar ido ce, kuma ba ya iya ta sai wanda ya shekara da shekaru yana kallon jikin mutum ɗaya a sama.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa: wannan ai wasan yara ne, irin wanda ake yi a kan katifar iya in ta fita unguwa, ko a kan tulin yashin masu gini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da asalin abin ma daga 'yan wasan nishaɗi aka gano shi. George Nissen da malaminsa Larry Griswold ne suka ƙera na zamani a jihar Ayowa ta Amurka cikin shekarun 1930, sunan kuma daga Sifaniyanci aka aro shi. An fara gasar duniya a Landan a 1964, amma sai a Sidni, a shekarar 2000, aka shigar da shi Olamfik. To amma langa ma wasan yara ne har ranar da aka sa alƙali da kofi. Yaro a kan yashi yana alkafura ɗaya ya faɗi yana dariya. Ita wannan za ta juya sau uku daga tsayin bene, ta san inda ƙasa take alhali kanta na ƙasa, ta dira a kan alamar nan, ta sake, har sau goma, alƙalai suna lissafa wahalar salo, da kyan jiki, da tsawon lokacin da ta yi a iska. Kuma zauren nan na Richmond Hill tun a Sidni ya nuna ba wasa yake ba: ɗalibansa biyu, Karen Cockburn da Mathieu Turgeon, kowannensu ya dawo da tagulla. Karen ta girmi Rosie da shekara takwas, ita ce jagabar da ta riga ta taka kowace hanya. A 2007, a birnin Kwibek, su biyun suka ci gasar duniya ta tsallen haɗin gwiwa, inda mutum biyu ke hawa raga biyu su yi salo iri ɗaya a lokaci ɗaya, kamar mata biyu masu luguden daka da suka saba da hannun juna.

Daga filin jirgin Pearson na Toronto zuwa Bejin tafiyar awa 13 ce ko kusa da haka ba sauka, fiye da ninki biyu na tashin alhazai daga Kano zuwa Jidda. Wahalar ba a zaman kujera kaɗai take ba. Tsakanin garuruwan biyu akwai ratar awa 12 a lokacin bazara, wato azahar ɗin can tsakar daren gida ce, kuma wasan da ya dogara ga daidaiton kai ba ya son jikin da bai san dare daga rana ba. Mutanen Sin sun karɓi baƙi a 2008 karɓar wanda ya daɗe yana jiran ranar da zai nuna gidansa. Sun gina sabon ɓangaren filin jirgi, sun raba wa motocin gari ranakun fita bisa lambar da ta ƙare da mara ko cika domin a rage cunkoso da hayaƙi, sun buɗe biki ranar 8 ga wata na 8 da ƙarfe 8 na dare saboda suna camfa lambar da sa'a. Masaukin 'yan wasa kuwa gari ne guda, mutum fiye da dubu goma daga ƙasashe sama da 200, ga ɗakin cin abinci da ba a rufe shi dare da rana, ba a kuma karɓar ko sisi. Gasasshiyar agwagwar Bejin ce ta fi yin kasuwa. Mu da muka ɗauki ciyar da baƙo wajibi, irin wannan ba zai ba mu mamaki ba, sai dai a wurin 'yar tsalle akushin da ba ya ƙarewa jarrabawa ce, domin duk abin da ta ci ita za ta ɗaga shi sama. Rosie tana da shekara 19. Ta shiga cikin takwas na ƙarshe, ta ƙare ta bakwai. He Wenna ta Sin ta ɗauki zinariya a gaban mutanenta, Karen ta ɗauki azurfa, wani ɗan zaurensu kuma, Jason Burnett, ya ɗauki azurfar maza.

A irin wannan gaɓa ce yawancin 'yan wasa kan yi wa kifi biyayya. An je an ga duniya, an dawo hannu rabbana, sai a fara tunanin ko malamin ne ya tsufa, ko a koma inda kayan aiki suka fi. Ita ta koma Richmond Hill, tana haɗa atisaye da karatu a Jami'ar Toronto, kuma sakamakon ya riƙa hawa tsani-tsani: tagulla a gasar duniya a Metz ta Faransa a 2010, azurfa a Birmingham a 2011, zinariyar wasannin nahiyar Amurka a Gwadalahara ta Meziko a shekarar. A nan ne ƙorafi na biyu yake shigowa, wanda ya fi na farko nauyi: wai duk wannan kuɗi ne, ƙasa mai arziki ta sayi lamba. Ba zan musa rabinsa ba. Ragar gasa dubban daloli ce, tana buƙatar rufin da ya kai mita 8, da rami cike da soso don koyon sabon salo, da likita a kusa. Shi ya sa yaran da ke alkafura a kan tsohuwar taya a unguwanninmu, komai baiwarsu, hanyarsu ba ta bi ta nan ba. Amma a duba guzurin da kansa. Tallafin da gwamnatin Kanada ke bai wa manyan 'yan wasanta ya tsaya a dalar Kanada 1,500 a wata tun daga 2004 har zuwa 2017, a birnin da hayar ɗaki da falo kan iya cinye mafi yawansa. Sannan in kuɗi ne ke tsalle, ina Amurka? Ita ta ƙirƙiro wasan, ta fi Kanada dukiya da jama'a nesa ba kusa ba, amma har wasannin Faris na 2024 ba ta taɓa cin ko tagulla a tarampolin na Olamfik ba, alhali Uzbekistan ta ci, Yukiren da Belarus ma har zinariya.

Hanyar Landan mai sauƙi ce in aka gwada da ta Bejin: awa bakwai a sama, ratar lokaci awa biyar, ga harshe ɗaya da na gida. An sauke 'yan wasa a Stratford, gabashin birnin, unguwar da a da masana'antu suka mutu suka bari, aka share aka gina gidaje. Wurin gasar tsalle shi ne babban ɗakin nan mai kama da tanti a bakin kogin Thames, wanda aka sani da O2, amma aka canza masa suna zuwa North Greenwich Arena na 'yan makonni don kada kamfanin da bai biya ba ya sha talla a banza. Baƙuntar Ingilishi daban take da ta Sin. Gine-ginen ba su kai ba, abin da aka fi tunawa shi ne 'yan sa-kai kimanin 70,000 da suka tsaya a tashoshi da mararraba suna nuna hanya da fara'a, a garin da aka san mutanensa da shiga jirgin ƙasa ba sallama. Wasannin sun faɗo cikin watan azumi, don haka ɗakin abincin da ba ya rufewa, mai ɓangaren halal, ya yi wa Musulmin 'yan wasa rana wajen sahur. Kuɗin kallo kuwa sai mai hali: tikitin bikin buɗewa ya fara daga fam 20.12 ya ƙare a fam 2,012. A masaukai irin waɗannan mai neman zinariya da wanda ya zo ganin ido duk layi ɗaya suke bi da faranti. A wasannin ne wani ɗan Nijar, Hamadou Djibo Issaka, wanda bai fi 'yan watanni da fara tuƙin kwalekwalen tsere ba, ya zo na ƙarshe da tazara mai yawa, 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya isa.

Ranar Asabar 4 ga Agusta 2012 aka yi ta mata. Mutum 16 ke shiga, takwas su tsallake, kuma a zagayen ƙarshe ana share makin baya a fara daga sifili. Rosie ta tsallake a matsayi na huɗu, ta hau ta yi tsallenta goma, aka ba ta maki 57.305, mafi yawan da ta taɓa samu. Sai zaman jira. Huang Shanshan ta Sin ta sami 56.730. Ta ƙarshe ita ce He Wenna, mai riƙe da kambu, wadda ta zo ta ɗaya a zagayen farko. Ta yi kyau har zuwa ƙarshe, sai ƙafa ta kuɓuce mata a dirar ƙarshe ta faɗi a kan raga. Ta tsira da tagulla, ta tura Karen zuwa ta huɗu da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na maki ba. Masu ƙorafi na uku sun sami abin faɗa: sa'a ce, da waccan ba ta faɗi ba da labari ya sha bamban. Mai yiwuwa ne. Sai dai a wannan wasa dira ba ƙari ba ce a kan aiki, ita ce aikin. Doka ma ta ce bayan tsalle na goma sai ɗan wasa ya kashe motsin raga ya tsaya cak kamar daƙiƙa uku. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma a kan yadda ya faɗo ake ba da maki. Wanda ya ce kokawar da aka ci saboda abokin karo ya zame ba kaye ba ce, bai taɓa zama a filin Dosso ko na Tawa ya ga yadda ake ɗaukar takobi ba. A daren ranar Birtaniya ta ci zinariya uku a filin guje-guje, har da ta Mo Farah, don haka a Landan labarin 'yar Kanada ya nutse. A gida kuwa ita kaɗai ce zinariyar da tawagar ta sauka da ita. Sai bayan shekara shida aka ƙara musu ta wata mai ɗaga nauyi, da aka kama waɗanda suka riga ta da shan ƙwaya.

Mai son lissafi zai tambayi ribar fataucin. Lambar da ake kira zinariya yawancinta azurfa ce, zinariyar da aka shafa mata kamar giram 6 ce. Kwamitin Olamfik na Kanada yana ba da tukuicin dala 20,000 ga mai zinariya, 15,000 ga mai azurfa, 10,000 ga mai tagulla. Singafo kan ba da dalarta miliyan ɗaya, Birtaniya ba ta ba da ko kwabo. In aka raba dala 20,000 a kan shekarun zirga-zirga tsakanin King City da Richmond Hill, kuɗin mai ma da ƙyar.

Bayan Landan ta ci gasar duniya a Sofiya ta Bulgeriya a 2013, ta zo ta biyu a Daytona Beach ta Amurka a 2014. Sai 2015, shekarar da wasannin nahiyar Amurka suka zo har gida Toronto, tsautsayin da kifi ya faɗa ya same ta a wurin zamanta. 'Yan makonni kafin gasar ta faɗi a atisaye ta bugu a kai, ƙwaƙwalwa ta girgiza. Ta daure ta ci zinariyar, amma ciwon ya bi ta watanni, da jiri da ciwon kai da ɓacewar sanin inda take a sama. Ga ɗan ƙwallo wannan rauni ne. Ga mai juyi uku a tsayin bene makanta ce. A nan nake ganin hujjata ta fi ƙarfi. Wanda ya rasa hanya a iska ba ya komawa sai ta ƙasa, daga tsalle miƙe ba juyi, zuwa juyi ɗaya da igiya a ƙugu, kamar mai koyon tatata. Mai lambar zinariya ba za ta yarda ta koma aji ɗaya a gaban baƙo ba, baƙon ma ba zai san ranar da ta warke da ranar da take ƙarfin hali ba. Wanda ya san ta tun tana yarinya shi ne zai iya sake koya mata juyi ba tare da kowa ya ji kunya ba. A ƙarshen shekarar ta zo ta huɗu a gasar duniya a Odense ta Denmak, kujerar Riyo ta samu.

Riyo tana kudu, tafiyar dare guda, kuma agogo bai sauya ba sai da awa ɗaya, wanda ga 'yar tsalle ya fi kujerar alfarma a jirgi. Masaukin yana Barra da Tijuca, nesa da tsakiyar gari, dogayen benaye 31 da aka gama a gurguje. Tawagar Ostareliya da ta riga isa ta ƙi tarewa da farko, ta ce bututu na yoyo, bandaki ya toshe, wayoyin lantarki a waje. Magajin garin ya mayar da raha cewa zai ajiye musu dabbar kangaru a ƙofa don su ji kamar gida. Ga tsoron cutar Zika da ya hana wasu zuwa. Duk wanda ya taɓa tarewa a gidan da maginin ya rantse an gama zai gane yanayin. Abincin Birazil kuwa Bahaushe ba zai yi baƙunta da shi sosai ba: shinkafa da wake kullum, da garin rogo soyayye da suke kira farofa suna barbaɗawa a kan komai, ga kuma ƙosan Bahiya, akaraje, da ake soyawa da manja, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka ƙetara da shi. Sai dai a yi hattara da tukunyar wakensu ta feijoada, da naman alade ake dafa ta. Wahalar hanya ba a raba ta daidai ba a wannan shekara. 'Yan ƙwallon Najeriya sun maƙale a Atlanta, suka sauka a Manaus 'yan sa'o'i kafin wasansu da Japan, suka ci 5 da 4, daga bisani suka dawo da tagulla. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar azurfa a tekwando, lambarta ta farko tun 1972. Ita kuwa Rosie ita aka bai wa tutar Kanada ta shiga da ita filin Marakana ranar 5 ga Agusta.

Bayan mako guda, ranar 12 ga wata, ta yi abin da ya fi komai bayyana irin tarbiyyar zaurensu. Tana da jerin salo mafi wahala da ta tanada, amma ita da malaminta suka ajiye shi, ta hau da wanda ya fi sauƙi, wanda ta tabbata za ta yi shi da tsabta da tsayi. Ta sami 56.465. Bryony Page ta Birtaniya ta bi ta da 56.040, Li Dan ta Sin ta zo ta uku. Kafin ita ba a taɓa samun wanda ya ci zinariyar tarampolin ta Olamfik sau biyu a jere ba, kuma babu ɗan Kanada da ya taɓa kare kambunsa a wasan mutum ɗaya a Olamfik na bazara kafin ranar. Wani zai ce rage wahala tsoro ne, jarumi da babban makaminsa yake fita. Ina ganin wannan maganar 'yan kallo ce. Ɗan damben da ya san hannunsa bai gama warkewa ba, ya kuma san da turmi nawa zai iya kai abokin karonsa ƙasa, in ya zaɓi dabara a kan kwaɗayin kisa mai ban sha'awa ba a ce ya ji tsoro. Irin wannan shawara kuma ba ta yiwuwa sai tsakanin mutum biyu da suka san iyakar juna ba tare da an yi dogon bayani ba.

Ƙorafin da ya fi ba ni aiki shi ne na Sin. Can gwamnati ce ke tsince yara daga larduna, ta tara su, ta tace, wanda ya gaza a kawo wani, kuma sun fi kowa tara lambobi a wannan wasa. Ashe ke nan ba dole sai ƙaramin zaure da malami ɗaya ba. Na yarda hanya ba ɗaya ba ce. Amma ko a cikin wannan babban injin, waɗanda suka fi yin suna su ne waɗanda aka bari suka daɗe: Dong Dong ya je Olamfik huɗu ya dawo da lamba huɗu, tagulla da zinariya da azurfa biyu, He Wenna ta je uku. Sannan a auna da ma'aunin da ya dace. Ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya a gefe guda, a ɗaya gefen zaure ɗaya a bayan garin Toronto da ya fitar da lambobin Olamfik bakwai tsakanin 2000 da 2016, babu wasannin da ya dawo hannu wofi. Ƙasar da ba ta da yawan Sin ko tsarinta, in tana neman abin koyi, na Richmond Hill ne ya fi kusa da aljihunta.

Sauran hanyar gargada ce. Ta sake cin gasar duniya a San Fitasbag ta Rasha a 2018, tana da shekara 30. A 2019 ta karye a idon sawu a wata gasa a Minsk, kafin shekarar ta fita kuma ta ci tagullar duniya a Tokiyo. Sai annobar korona. A watan Maris 2020 Kanada ta sanar cewa ba za ta tura kowa Tokiyo a shekarar ba, Rosie na cikin wakilan 'yan wasan da aka yi shawarar da su, bayan kwana biyu aka ɗage wasannin baki ɗaya. Garin Tokiyo yana da tsohon bashi a gidansu: kakanta ɗan wasan motsa jiki ne da aka zaɓa don Olamfik na 1940, wanda aka fara bai wa Tokiyo, yaƙin duniya ya hana a yi. Jikar ta isa bayan shekara 81, da wani sabon rauni a idon sawu da ta samu 'yan makonni kafin tashi.

Japanawa suna da kalmar da suke alfahari da ita kan karɓar baƙo, omotenashi, da ita ma suka nemi a ba su wasannin. Annoba ta hana su nuna ta yadda suka so. Masaukin Harumi a bakin teku tsaf yake, gadaje na kwali mai ƙarfi, abinci ba laifi, amma kullum sai an ba da yawu a gwada, ba shiga jirgin ƙasa, ba zaga gari, tsakanin mai cin abinci da maƙwabcinsa an kafa gilashin roba, kuma wanda ya gama gasarsa yana da awa 48 ya tattara ya bar ƙasar. Mukan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A Tokiyo tabarma ta samu, fuskokin ne ke bayan takunkumi. Ɗakin Ariake mai rufin katako, wanda aka gina don mutum 12,000, babu kowa a kujerunsa sai jami'ai da 'yan jarida, har ana jin kukan sifirin a kowace dira. Ranar 30 ga Yuli 2021 Zhu Xueying da Liu Lingling na Sin suka ɗauki zinariya da azurfa, Bryony Page ta ɗauki tagulla, kowacce ta ɗauko lambarta daga faranti ta rataya wa kanta saboda dokar annoba. Rosie ta zo ta huɗu, da ratar da ba ta kai rabin maki ba, matsayin da Karen ta tsaya a Landan. Ta koma Toronto, a ƙarshen 2022 ta sanar da ajiye wasa. A Faris a 2024 Bryony Page, wadda ta bi bayanta a Riyo ta sha gabanta a Tokiyo, ta ci zinariya a zuwanta na uku tana da shekara 33, tagullar kuma ta tafi Kanada a wuyan Sophiane Méthot, 'yar lardin Kwibek, wadda a wani zauren daban ta koyi tsalle.